Kafin Ka Sayi Tsohuwar Tarakta: Jagora Ga Manoman Kura da Bunkure

Duk shekara, da zarar an yi girbin shinkafar damina kuɗi sun shiga hannun manoma, sai a fara kawo mana taraktoci gareji a nan Kumbotso, wasu a bayan babbar mota, wasu an ɗaura musu igiya ana ja. Yawancinsu ba su daɗe a hannun sabbin masu su ba. Labarin kuma kusan iri ɗaya ne: an ga fenti yana ƙyalli, dillali ya yabi ƙarfin injin, an zagaya fili sau ɗaya ba tare da garma ba, aka biya kuɗi. Ranar da aka shigar da ita gona, ranar ta nuna halinta.

Abin yana damuna, domin na san yadda ake tara kuɗin nan. Wani shanun huɗarsa ya sayar, wani gadonsa ne, wasu kuma ƙungiya ce ta yi karo-karo. Tsohuwar tarakta ba abin gudu ba ce. Akwai waɗanda suka haura shekara arba'in suna aiki, kuma za su binne sababbi da yawa. Amma gonarka ce ya kamata ta zaɓa maka tarakta, sai kuma kasuwar kayan gyara da makanikin da ke kusa da kai. Fenti da yawan ƙarfin doki su ne na ƙarshe a lissafi.

Abin da za ka tafi da shi wajen duba tarakta

Makanike naka na kanka, wanda kai za ka biya shi kuɗin yininsa, ba wanda dillali ya kawo ba. Wannan shi ne kan gaba.
Tocila mai haske sosai, don leƙa ƙarƙashin inji da cikin tanki.
Farin tsumma mai tsabta.
Sufanu, filaya da sukuddireba.
Jak, da guntun katako mai kauri da za a ɗora shi a kai.
Tef ɗin awo.
Galan ɗin man gas mai kyau, don kada a ce maka babu man gwaji.
Takarda da biro.
Gonar da aka ba ka izinin gwaji a cikinta, da garma ko haro da za a ɗaura.

1. Fara da auna gonarka

Yankinmu ba kamar jejin da ake buɗe hekta ɗari a shimfiɗe ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka fara sako ruwa ta manyan kanal zuwa Kadawa, ƙasar Kura, Bunkure da Garun Malam ta zama yanki-yanki, kowace gona da kanal a gefe ɗaya da magudana a ɗaya gefen. Rabon gado ya ƙara tsattsaga su, har ya zama da yawan manoma ba su riƙe da cikakkiyar hekta a wuri guda. Ga ƴan gadojin da ake tsallaka kanal ta kansu, wasu da ƙyar suke ɗaukar amalanke. Babbar tarakta a irin wannan wuri rabin yininta a juyawa yake ƙarewa, tana cin mai, tana rushe gefen fangali, tana danne ƙasa.

Saboda haka zauna ka amsa wa kanka: eka nawa nake nomawa, a wuri nawa suke, mene ne faɗin hanya mafi ƙunci da zan bi? Je ka auna da tef, kada ka yi kirdado. Sannan wane aiki ne ya fi yawa, kwaɓa taɓon shinkafa, ko huɗar busasshiyar ƙasa ta alkama da tumatir, ko jan tirela zuwa kasuwar Kwanar Gafan?

Idan gonarka ba ta wuce eka biyar ba kuma shinkafa ce babbar sana'arka, tarakta ta hannu mai taya biyu, mai ƙarfin doki 12 zuwa 15, ta ishe ka. Tana shiga taɓon da babba za ta kafe a ciki, kuma in ƙasa ta jiƙa tana iya gyara wajen hekta ɗaya a yini. Idan kana da eka goma zuwa talatin, ko kana da niyyar yi wa maƙwabta aikin haya, nemi mai taya huɗu mai doki 35 zuwa 50. Masu doki 70 zuwa sama na wanda zai riƙa fita ƙauyuka da damina ne yana kaftun manyan gonakin tudu. Mutane da yawa suna sayen babba don a ce wane ya sayi babba, alhali aikin da suke da shi na ƙarama ne.

2. Zaɓi irin da kayan gyaransa ke kusa

Tsohuwar tarakta dole ta lalace, wannan ba a tababa. Abin tambaya shi ne, in ta tsaya ran Talata, za ka samu abin da ya karye kafin Alhamis? Alkama ba ta jira. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake son ta shiga ƙasa don ta ci sanyin hunturu, kuma wanda tarakta ta zaunar da shi mako uku yana jiran kaya daga Legas ya riga ya rasa wani kaso na amfaninsa.

A nan ne Massey Ferguson ta yi wa saura nisa. Samfurin 135, wanda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, yana ɗauke da injin Perkins mai silinda uku da ƙarfin doki wajen 45. Injin nan ba shi da wayo ko ɗaya a jikinsa, babu kwamfuta, babu wayoyi barkatai, duk makanikin da ya san aikinsa zai kwance shi a ƙarƙashin bishiya ya mayar. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne kamfanin Millat na Pakistan ya ci gaba da ƙera samfurin 240 da inji ɗan gidansu ɗaya, don haka fiston, ringi, gaskit da filta ba sa yankewa a kasuwa. Ita ma 375 mai silinda huɗu haka take wajen samun kaya, sai dai ta fi ƙarfin ƙananan fangaloli. In mutum ya tambaye ni ra'ayina kai tsaye don gonar yankin nan, 135 ko 240 nake ce masa.

Akwai kuma Fiat da Steyr, waɗanda dattawa suka sani sarai. An haɗa Fiat a nan Kano a masana'antar da ke kan titin Zariya, an haɗa Steyr a Bauchi, kuma su ne suka cika ma'aikatun gona na jihohi a shekarun 1980. Ƙarfe ne na gaske. Amma kafin ka sayi ɗaya, musamman Steyr, tabbatar ka san takamaiman wanda ke da kayanta, domin yawanci daga jikin wata matacciya ake cirowa. Tsofaffin Ford irin su 3000, 4000 da 5000 su ma suna da kyau in an samu mai lafiya.

Sai ƙananan taraktocin Japan na gwanjo, Kubota, Yanmar da Iseki, masu doki goma sha wani abu zuwa ashirin da ƴan kai. Ina son su ƙwarai. Don gonakin shinkafa aka yi su tun asali, da yawansu duk tayoyin huɗu ke ja, ba sa shan mai, kuma girmansu daidai da gonakinmu. Matsalarsu ɗaya ce amma babba: an ƙera su don kasuwar Japan, lambobin jikinsu sau da yawa ba sa dacewa da littattafan kayan gyara da ƴan kasuwarmu ke da su, tayoyinsu ma ba kowane shago ke da girmansu ba. Wanda ke da haƙurin bincike da sha'awar kwance-kwance zai ji daɗinsu. Wanda abincin gidansa ya dogara da tarakta ɗaya tak, ya yi tunani sosai.

Ita tarakta ta hannu ƴar Sin, irin su Dongfeng, injinta mai silinda ɗaya dangin injin niƙa ne da na casar shinkafa, wanda ya cika garin Kura. Kusan kowane ƙauye akwai mai iya gyara shi.

Ga gwaji mai sauƙi kafin ka je ganin kowace tarakta. Rubuta sunanta da lambar samfurinta, ka shiga Kofar Ruwa ka tambayi abu biyar: filtar gas, famfon ruwa, faifan kuloci, gaskit na kan inji, da nozul. In ka same su a shago fiye da ɗaya a rana guda, ci gaba. In kowa cewa yake "sai an yi oda", ka samu amsarka.

3. Duba ta a tsaye, tun ba a tayar ba

Yi alƙawari da mai ita da sassafe, ka roƙe shi kada a tayar da ita kafin ka zo. Da isarka ɗora hannu a jikin injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, sai ka nemi a sake sa rana.

Sabon fenti a jikin tsohuwar tarakta kamar hoda ne a kan ƙurji, yana rufe wa ido ne kawai. Haska tocila a jikin injin, da gidan giya, da inda aksil ɗin gaba ya haɗu da inji, kana neman tsaga ko alamar walda. Waldar madigadi ko murfin inji ba komai ba ce. Amma waɗannan taraktoci ba su da wani firam daban, inji da gidan giya su ne ƙashin bayansu, duk nauyi a kansu yake. Walda a nan tana nufin an taɓa karya ta, kuma irin wannan ƙarfen zubi ba ya cika riƙe walda. Ka bar ta.

Zaro gejin baƙin mai ka shafa a farin tsumma. Baƙi ba laifi ba ne a injin gas. Abin tsoro shi ne ka gan shi ya yi fari-fari kamar an zuba madara, alamar ruwa na haɗuwa da mai. In kuma ya yi kauri yana danƙo fiye da kima, wataƙila an zuba mai nauyi ne don a danne ƙara da hayaƙi. Buɗe lagireto, tun da sanyi, ka ga ko mai na yawo a kan ruwan. Sannan duba man giya na baya. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin taraktar da ta yi shekaru a taɓon shinkafa ruwa kan shiga ta ta sil ɗin aksil, ya ci boris da famfon haidirolik a hankali.

Buɗe matatar iska. A tsofaffin taraktoci za ka ga kwano mai baƙin mai a ƙasa, wanda ke kama ƙura. In ka tarar da shi a bushe, ko ya cika da laka ta daskare, to injin ya shekara yana shaƙar ƙurar hunturu, kuma ƙurar nan tana cinye ringi da silinda fiye da yadda yawan aiki ke yi. Kwanon nan kaɗai yana gaya maka irin riƙon da aka yi wa tarakta.

Kada agogon awa ya ruɗe ka, yawancinsu sun daɗe da tsayawa. Dubi takalman kuloci da birki yadda ƙafa ta cinye su, da ramin ƙarfen jan tirela ko ya buɗe ya yi tsawo, da ƙwallayen hannayen ɗaga garma ko suna rawa. Ɗaga gaba da jak ka girgiza kowace taya. Tayoyin baya kuwa duba su da kyau, har cikin gefensu, kana neman tsaga da faci. Kuɗin sababbi guda biyu kan kai wani babban kaso na kuɗin tsohuwar tarakta gaba ɗaya, kuma da yawa ba sa sa wannan a lissafi sai sun kai gida.

4. A tayar da ita a gabanka

Inji mai lafiya, da batir mai kyau, yana kamawa cikin ƴan daƙiƙu ko da sanyin safiya. In aka ce sai an tura ta, ko ka ga an ajiye ta a kan gangara, ko aka jiƙa tsumma da fetur aka kanga a bakin matatar iska, to injin ya rasa matsi. "Batir ne kawai" magana ce da za ka ji sau da yawa. Sai ka ce a kawo wani batir a gwada.

Tsaya gefe ka kalli salansa. Ɗan farin hayaƙi da ya ɗauke bayan minti ɗaya ko biyu ba matsala. Farin da ya ƙi ɗaukewa yana nuna gas ba ya ƙonewa, ko ruwa na shiga silinda. Shuɗi alamar inji na shan baƙin mai ne, wato ringi sun gaji. Baƙi kuwa sau da yawa nozul ne ko toshewar matatar iska, shi ya fi sauƙin gyara a cikin ukun.

Bayan ta yi zafi, nemo bututun numfashin inji da ke saukowa ta gefe. Ɗan tururi kaɗan al'ada ce ga tsohon inji. In yana busowa da ƙarfi yana ɗigar da mai, sa kuɗin sauke inji a lissafinka. Saurari ƙasan injin kuma: bugu mai nauyi da ke ƙaruwa in an taka mai yana nufin metal ko karanshaf, gyara mai tsada. In akwai geji ko fitilar matsin mai, kalle su lokacin da injin ya yi zafi yana tafiya a hankali, domin a nan ne matsin ke faɗuwa in injin ya gaji. Fitilar da ba ta kamawa ko da an murɗa makulli, tambayi dalilin da ya sa aka cire mata waya.

Kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan yana fitowa da ƙarfi ya ƙona fuska da hannu.

5. Kuloci, giya da birki

Sa babbar giya, ka taka birki sosai, ka saki kuloci a hankali. Ya kamata injin ya mutu. In ya ci gaba da tafiya tarakta na tsaye, kuloci na zamewa. Faifan ba shi da tsada sosai, amma sai an raba tarakta gida biyu kafin a kai gare shi, don haka ka rage kuɗin aikin daga farashi. Bi kowace giya ɗaya bayan ɗaya, ta gaba da ta baya, ƙarama da babba, kana taka mai kana saki, ka ga ko akwai mai fita da kanta.

Wasu Massey suna da wani ƙaramin hannu na ƙarin gudu da ake kira Multi-Power. In yana ƙasa, inji ba ya riƙe tarakta a gangara, sai ta tafi a sake. Ga mai jan tirelar tumatir a kan bakin kanal wannan haɗari ne, gyaransa kuma ba kowa ya iya ba. Mai giya zalla ta fi maka.

Gwada birkin dama da na hagu daban-daban, kowanne ya kama tayarsa. In ka ga mai na zubowa ta bayan taya, sil ya mutu ya jiƙa birkin.

6. Haidirolik da sandar baya

Nan ne masu saye suka fi yin sakaci, alhali nan ne aikin yake. Tsarin hannaye uku na ɗaga garma, wanda Harry Ferguson ya ƙirƙiro, shi ya mayar da tarakta abin noma. In ya mutu, abin da ka saya na jan tirela ne kawai.

Hannaye ba kaya za su ɗaga ko famfon ya kusa mutuwa. Sai an ɗaura garma mai nauyi, kuma sai mai ya yi zafi, domin mai mai sanyi yana da kauri yana ɓoye yoyo. Ɗaga garmar sama. Ta tashi sumul ba tare da tsayawa ba. Bar ta a sama injin na tafiya: in tana ɗan sauka tana zabura, tana sauka tana zabura, akwai yoyo a ciki. Kashe injin ka jira minti goma. In ta sauko ƙasa kafin nan, akwai aiki. Duk lokacin wannan gwaji kada kowa ya sa ƙafa ko kai ƙarƙashin garma.

Auna ramukan hannayen ma. Ƙananan taraktoci suna amfani da fin mai kaurin milimita 22, manya kuma 28. Garmar da ka gada ko ka aro tana iya ƙin shiga.

Sai sandar baya mai juyawa, wadda ke tuƙa rotabeta da injin yankan ciyawa. Ƙa'idarta juyi 540 a minti, da haƙora shida. Sa ta ka cire ta, ka ga tana shiga ba gurnani kuma tana tsayawa in an cire. A wasu ƙananan ƴan Japan, kamar Kubota B6000, sandar baibai take juyawa, don haka sai na'urar da aka yi mata musamman. In ƴar Japan za ka saya, saye ta tare da rotabetarta.

Ga mai niyyar yankan ciyawa ko tushiyar shinkafa da masara, akwai abin da ya wajaba ya sani. A taraktocin da sandar baya ke haɗe da giya kai tsaye, wuƙar injin yanka tana da nauyi, in ka taka kuloci ba ta tsayawa nan take, sai ta ci gaba da tura tarakta gaba. A ƙarshen gona, inda kanal ke gabanka, taku biyu sun isa. Akwai ɗan ƙarfe da ake sawa a bakin sandar mai barin wuƙar ta juya ita kaɗai. Kada ka fara yanka sai ka sa shi. Masu kuloci hawa biyu, wato rabin taku ya tsayar da taya cikakken taku ya tsayar da sanda, sun fi sauƙin sarrafawa a wannan aiki. Kafin yanka kuma bi gonar da ƙafa ka tsince duwatsu da guntayen ƙarfe, ka kori yara nesa.

7. Shigar da ita gona

Awa ɗaya cikakkiya tana huɗa, ba ƙasa da haka ba. Mai doki 45 ta ja garma mai faifai biyu ba tare da ta shaƙe ba, faifai uku na masu doki 60 zuwa sama ne. Lura da zafin inji, da hayaƙi in garma ta nutse, da kuloci, da ko garmar na riƙe zurfinta. Gwada makullin tayoyin baya, wanda ke sa su juya tare in ɗaya na zamewa, domin a taɓo shi ne mai fitar da kai. Da kun gama, tsayar da ita a wuri mai tsabta ka leƙa ƙasa. Yoyon da aka wanke da safe yanzu zai fito.

Mai tarakta da ya ƙi yarda a gwada ta a gona, ko da ka ce kai za ka zuba mai, ya riga ya ba ka labarinta.

In ta hannu ce, duba bel ko sun tsattsage, da haƙoran rotabeta ko sun cinye, da gidan sarƙa ko yana zubar da mai. Matsa hannun juyawa na dama da na hagu, kowanne ya saki tayarsa ya kuma koma da kansa. Yawancin injinan nan tukunyar ruwa ce a kansu a buɗe, ruwan na tafasa yana ƙarewa, sai ana ƙarawa. Wajen tayarwa da hannu, kada ka zagaye mariƙin da babban yatsa, domin in injin ya mayar yana karya shi. Kuma in kana gangara da tirela a baya, hannayen juyawa suna aiki a juye, ka matsa dama ta yi hagu. Sabon direba ya koyi wannan a fili kafin ya hau hanya.

8. Takardu da ciniki

Taraktoci da yawa a ƙasar nan ta hannun gwamnati suka shigo, ko ta bashin banki, ko ta ƙungiyoyin manoma. Wata ba a gama biyan bashinta ba, wata ta ƙungiya ce mutum ɗaya ya fito da ita. Duba lambar inji da lambar jikin tarakta, ka gwada da abin da ke cikin rasit. Farantin lamba da aka cire ko aka goge dalili ne na fasa ciniki. A rubuta yarjejeniya da lambobin a ciki, da duk abin da aka haɗa maka, garma, haro, tirela, tayoyin ƙarfe na taɓo, a gaban shaidu, in da hali har da mai unguwa. A yanke la'adar dillali tun farko, a san wanda zai biya.

Duk aibin da kuka gani rubuta shi, makanikinka ya sa masa kuɗi, da wannan takarda za ka yi tayi. Kuma kada ka zuba duk abin da ke hannunka a saye. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu don gyaran farko da na'urorin aiki. Lokacin saye ma yana da tasiri: gab da faɗuwar damina da farkon noman rani kowa na nema, farashi na sama, kai ma kana cikin gaggawa. Saya da sauran wata biyu a gabanka.

9. Makon farko a gida

Kada ka kai ta gona washegari. Zubar da baƙin mai da man giya duka, ka sa sababbi da sabbin filta, domin ba ka san yaushe rabon da a canza su ba. Kwance tanki a wanke. Wanke lagireto ciki da waje, ƙaiƙayin shinkafa yana toshe shi ƙwarai. Wanke kwanon matatar iska ka zuba sabon mai daidai layinsa, kuma da hunturu ka riƙa duba shi kullum. Bi duk wuraren giris ɗaya bayan ɗaya. Sayi littafi ka fara rubuta ranar kowane aiki da awannin da ta yi.

Man gas shi ne abin da zan fi ja maka kunne a kai. Famfon gas na irin su 135 da gas ɗin kansa yake samun santsi, don haka gas mai ruwa, ko wanda aka gauraya da kananzir, yana cinye shi daga ciki. Saya a inda ka amince, bar shi ya kwana a durom ya kwanta, ka ɗiba daga sama ka tace. Kada ka bari tanki ya ƙare ƙaf, iska za ta shiga sai an yi aikin fitar da ita.

Daɗin tsohuwar tarakta shi ne mai ita zai iya koyon rabin gyaranta. Canza mai da filta, ɗaure fambel, fitar da iska daga layin gas, saita kuloci da birki, canza famfon ruwa, duk za ka iya in ka tsaya kusa da makanike kana kallo kana tambaya. Amma famfon gas da nozul kada ka buɗe su a gida, na masu injin gwaji ne, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta lalata su. Haka nan cikin haidirolik da raba tarakta biyu. In za ka shiga ƙarƙashinta, kada ka dogara da jak kaɗai, sa katako mai ƙarfi.

Yawancin tsofaffin nan ba su da ƙarfen kariya a saman direba. In ana samun na samfurinka, sa mata. Duk abin da za ka ja, ɗaura shi a ƙarfen ja na ƙasa. In ka ɗaura sarƙa sama da aksil, gaban tarakta na tashi ta kifo baya a kan direba kafin ƙafarsa ta kai kuloci. In ta kafe a taɓo, gwada fita da baya, kuma kada a ɗaura gungume a jikin taya. Bar tazara tsakaninka da bakin kanal, gefen yakan zabge musamman bayan an ba da ruwa. A kan titin Zariya haɗa takalman birki biyu da sakatarsu, ka sa fitila da abin ƙyalli a bayan tirela, domin manyan motoci ba sa hango ka da dare. Babbar riga, rawani da mayafi ba sa kusantar sandar baya tana juyawa, a kashe inji tukuna. Madigadi kuma ba wurin zaman yara ba ne, ko da tafiyar daga gida zuwa bakin gona ce.